Tauraro Marar Suna

Ranar wata Laraba, cikin damanar shekarar 2022, ina zaune a ofis a Birnin Kudu ina kwafar wata takarda, sai ƙanena ya bugo mini waya daga ƙauyenmu na ƙasar Gwaram, ya ce Baffa na nemana, in zo ko da dare ne. Gabana ya faɗi, domin shekarar nan ruwa ya yi ɓarna ƙwarai a ƙasar Jigawa, kusan kullum sai ka ji gini ya faɗa wa mutane. Da aka tashi daga aiki na hau babur, ban tsaya ko'ina ba, na isa gida ana kiran sallar magariba.

Na tarar kowa lafiya, sai dai ɗakin Baffa ne ya zube, azara ta karye, shi da iyalinsa sun koma zaure suna kwana. Bayan mun yi salla, na yi masa jaje, sai ya jawo wani tsohon akwatin ƙarfe daga bayan buhuna ya ajiye tsakaninmu. Nan da nan na gane shi. Akwatin kakana ne, wanda ya haifi Baffa da mahaifina, ya rasu a 1994.

Baffa ba ya kiran sunana, don sunan kakan nan aka sa mini, ɗa kuwa ba ya faɗin sunan ubansa. Ya ce, "Mai-sunan-Baba, wani baƙo ya zo ran kasuwa, irin masu bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin kaya. Ya ga abin da ke cikin akwatin nan, ya taya. Gobe zai komo. Tun da ubanka ya rasu kai ke tsaye a kan rabonsa, kai ne kuma mai karatun boko, shi ya sa na ce a kira ka ka duba, kada a cuce mu." Da ya faɗi kuɗin da aka taya, sai na ga sun fi albashina na wata uku, sun kuwa isa a sayi kwano da katako a rufe ɗaki.

Aka kawo fitila, na buɗe akwati. Ga abin da na samu a ciki. Akwai minda uku, watau lambobin yabo na soja. Biyu taurari ne na tagulla, ko wane da tsini shida, ɗaya kuwa kewayayya ce fara, da kan Sarkin Ingila Joji na Shida a gabanta, a bayanta zaki ya taka wani dodo. Akwai ɗan ƙyalle rawaya da hoton baƙin gizo-gizo a kansa. Akwai littafin sallama daga soja, gara ta ci gefensa. Akwai takardun kuɗi waɗanda Japan ta buga don ƙasar Bama sa'ad da ta mamaye ta. Akwai bakin begila na tagulla, ba begilar. Akwai kati mai hoton wani jirgin ruwa. Akwai wata alama da aka saƙa da zare mai ruwan zinariya, fukafukai biyu, a tsakaninsu ƙugiyar da a ke tsai da jirgin ruwa da ita, da kambi a sama. Daga can ƙasa kuma akwai wata tsohuwar laya, an naɗe ta a tsumma.

Kafin in gaya maka yadda muka ƙare da baƙon nan, ya mai karatu, ya kamata ka san mai akwatin.

Gidanmu gidan makaɗa ne tun kaka da kakanni. Kakana gangar noma ya gada, shi ke kiɗan gayya, in ya kama kirarin saurayi sai ka ga saurayin nan ya ƙare kunya uku kafin na kusa da shi ya ƙare ɗaya. Yana cikin ƙuruciyarsa aka fara Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. A zamanin nan ba Jihar Jigawa, sai a 1991 aka yi ta. Birnin Kudu da Gwaram duka gundumomi ne na En'e ta Kano, Sarkin Kano kuwa Abdullahi Bayero. A watan Disamba na 1941 Japan ta shiga yaƙin, kafin watan Maris na 1942 ya ƙare ta kama Rangun, babban birnin Bama, ta doshi Indiya. Ingila ta bukaci soja, aka juyo ƙasashen Afirka ta Yamma.

Cikin shekarar nan ta 1942 aka zo ƙauyenmu neman samari. Aka tara mutane a ƙofar dagaci, aka sa kakana kiɗa. Ya kama samari ɗaya ɗaya da ganga, yana kiran sunan uban ko wane da na kakansa, yadda ya saba yi a gona, har waɗansu suka kasa zama, suka miƙe suka ba da sunansu. Cikinsu har da babban abokinsa, ɗan maƙerin garin. Kwana biyu bayan haka shi ma ya rataye ganga, ya bar mata da jaririya, ya bi su. Muna yara mun sha tambayarsa dalili, sai ya ce ƙuruciya ce, ya kawo wani zance.

Aka kai su Kano, daga nan Zariya inda a ke koyar da sababbin soja. Da Turawa suka ji makaɗi ne, sai aka sa shi cikin 'yan badujala, ya koyi ganga irin ta fareti, ya koyi busa begila. Ya ce a bariki begila ita ce agogo, ita ke ta da mutane da asuba, ita ke kiran abinci, ita ke kashe fitila da dare. Aka sa shi a bataliya ta huɗu ta sojan Nijeriya, cikin runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943, aka haɗa mutanen Nijeriya da na Gambiya da Saliyo da ƙasar da yanzu a ke kira Gana. Alamar rundunar ita ce gizo-gizon nan na kan ƙyalle. An ɗauko ta daga tatsuniyoyin mutanen Gana, inda gizo ke cin manyan dawa da wayo, sojanmu kuwa ba su bukaci a yi musu bayani ba, don mu ma muna da Gizonmu da Ƙoƙinsa. Ƙanwarta, runduna ta 82, alamarta masu biyu ne a gicciye da gammo.

A 1943 suka shiga jirgin ruwa a Ikko, suka kewaya ta kudancin Afirka, suka yi makonni a teku kafin su sauka a Bambai ta ƙasar Indiya. Mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin damana ba, ga shi yau gabas ruwa, yamma ruwa. Amma ba tekun ne ya fi ba shi mamaki ba. A wata tasha ya ga wani jirgin ruwa wanda samansa a shimfiɗe ya ke kamar daɓe, da jiragen sama a jere a kai. Ya ce suna tashi suna sauka a bayansa kamar balbela a bayan saniya.

Wannan labari ya jawo masa suna maƙaryaci shekara da shekaru. Jirgin sama dai mutanenmu sun san shi. Tun 1925 jirgi ya fara sauka a Kano, a lokacin yaƙin kuwa, daga 1940, a kan harhaɗa jiragen yaƙi a Takoradi, su biyo ta Ikko da Kano da Maiduguri, su wuce Kartum har Alƙahira. Amma a ce jirgin sama ya sauka a kan jirgin ruwa, wannan sai a bakin 'yan Bama, in ji masu zama gindin bishiya. Don haka ne ya sayi katin nan a Bambai, ya ce gani ya kori ji. Da ya nuna musu, suka ce ai Bature ba abin da ba ya iya zanawa.

Ga shi kuwa gaskiya ya faɗa. Jiragen sama na zamanin nan ba su iya nisa ƙwarai a kan teku, mai ya kan ƙare musu, jiragen abokan gaba masu tafiya ƙarƙashin ruwa kuwa can tsakiyar teku su ke nutsar da jiragen kaya da na soja. Dabarar da aka yi ita ce a ɗauki filin jirgi a tafi da shi. A kan miƙa igiyoyin ƙarfe a gicciye bisa daɓen, ko wane jirgi kuma yana da ƙugiya a ƙarƙashin wutsiyarsa. In ya zo sauka sai ƙugiya ta kama igiya, ya tsaya cikin 'yar tazara kaɗan. In ya kuskure igiya, to, sai abin da Allah ya yi. Sa'an nan a naɗe fukafukansa, a saukar da shi cikin cikin jirgin, a ba na baya wuri. Matuƙan nan ba sojan sama ba ne, sojan ruwa ne masu tashi sama. Da irin waɗannan jirage guda shida Japan ta kai wa Amurka hari a tsibirin Hawayi ran 7 ga Disamba, 1941. A Janairun 1945 ma, sa'ad da aka sauke soja a tsibirin Ramri na gaɓar Bama, wani irinsu na Ingila mai suna Ameer, watau Amiru, shi ya ta da jiragen da suka yi musu inuwa.

To, daga Indiya aka shigar da rundunarsu kwarin kogin Kaladan a farkon 1944. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmi da gora, ba hanyar mota, sai wadda suka sara da hannunsu. Abinci da harsashi duka daga sama a ke jefo musu da laima, mutane su tsince su ɗauka a ka. A nan kiɗa ya ƙare. Wanda ya busa begila a kurmin nan ya gaya wa abokan gaba inda ya ke ke nan. Aka karɓe ganguna da begiloli aka ajiye a baya, 'yan badujala aka mai da su masu ɗaukar waɗanda aka yi wa rauni, kamar yadda al'adar sojan Ingila ta ke. Kakana ya cire bakin begilarsa ya sa a aljihu, ya ce ko ba ya busawa ya riƙa taɓawa. Gadon ɗaukar masu rauni kuwa ya kan ce masa ƙanen makara.

A watan Maris na 1944 Japan ta juyo musu da ƙarfi, suka ja da baya. Bayan damana suka sāke shiga, har a Janairun 1945 su da runduna ta 82 suka kama garin Myohaung. Kai da ke zuwa Kaduna ko Zariya, in ka ji an ce barikin Dalet, ko Kalapanzin, ko Chindit, to, sunaye ne da aka ɗauko daga yaƙin nan na Bama. Sarkin Katsina Usman Nagogo ma, bayan hawansa sarauta a 1944, ya tafi har can ya gai da sojanmu.

Bayan Myohaung aka komo da su Indiya, wajen Madaras, su huta. Aka mayar musu da gangunansu. Kusa da birnin akwai sansanin jiragen sama na sojan ruwan Ingila, wata rana aka yi wasanni, aka kai 'yan badujala su yi kiɗa. Da aka tashi, wani saurayin Bature matuƙi ya zo wurinsa, ya fito da wani ɗan abin busa na ƙarfe mai ramuka, irin wanda a ke gogawa a leɓe. Ya yi busa, kakana ya bi shi da ganga. Kakana ya sāke kiɗa ya koma na gayya, Bature ya yi ta lalube har ya kama. Wannan ba Hausa, wancan Turancinsa na fareti ne kawai, amma suka kai har duhu. Da za su rabu, kakana ya ba shi makaɗin gangarsa, shi kuwa ya ba shi alamar nan mai fukafukai. Ba su sāke gamuwa ba. A 1946 aka komo da su gida, aka sallame shi.

Wannan duka na ji shi daga bakinsa ina yaro. Amma bari in faɗi laifina. Sa'ad da ya rasu shekarata goma sha huɗu, na yi nisa a allo, na gama firamare, ina iya rubutun ajami da na boko. Ban taɓa ɗaukar alƙalami na rubuta ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Dalili kuwa, kunya na ke ji a ce da ni jikan makaɗi. In ya fara labari a gaban abokaina sai in sulale. Yau abin da na riƙe bai kai zakkar abin da ya faɗa ba, da na sani kuwa ƙeya ce.

Da gari ya waye baƙo ya zo. Mutum ne mai ladabi, ya gai da Baffa har ƙasa, bai kuwa ɓoye mana kome ba. Na ce masa, "Malam, in mun ba ka mindar nan uku kaɗai, mu riƙe takardu, nawa za ka biya?" Ya yi murmushi, ya faɗi abin da bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba. Na yi mamaki, na ce ashe ba su ne abin nema ba?

Ya ce, "Malam Akawu, juya tauraron nan ka duba bayansa." Na juya, na ga fili ne sumul, ba rubutu ko ɗaya. Ya ce, "Na yaƙin 1914 an buga sunan mai su da lambarsa a jikinsu. Na wannan yaƙi kuwa Ingila haka ta ba da su, ba suna, an kuwa buga su da yawan gaske. Masu tara irin waɗannan kaya a ƙasashen Turai sun ƙoshi da su. Abin da su ke nema shi ne tauraron da aka san mai shi. In ga minda, ga littafin sallama mai suna da lamba, ga alamar runduna, ga kuma alamar matuƙin sojan ruwa a akwatin makaɗi Bahaushe, to, an sami labari, labarin a ke saye."

Maganar nan ta shige ni. Na ɗauki littafin da muka bar wa gara, na buɗe a hankali. Ga sunan kakana, an bi shi da sunan Gwaram, yadda a ke rubuta sojan zamanin nan da sunan garinsu. Ga lambarsa, ga tsawonsa, ga tsagar fuskarsa, an rubuta da Turanci cewa makaɗi ne, halinsa kuma kyakkyawa. Watau duk duniya wannan 'yar takarda kaɗai ce ta haɗa tauraron nan da mutumin nan. Baƙo daga wani gari ya san darajarta, mu da muka gaje ta mun jefa ta bayan buhuna. Na roƙe shi ya ba mu kwana ɗaya, ya yarda.

Da ya tafi na ce, "Baffa, ina neman alfarma, kada a sayar." Baffa ya dube ni, ya ce, "Mai-sunan-Baba, kai kana kwana ƙarƙashin kwano a Birnin Kudu. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Baba da kansa, da yana da rai ya ga jikokinsa na kwana a zaure cikin sauro, da hannunsa zai miƙa ƙarfen nan. Shekara ashirin da takwas akwatin nan na nan, sau nawa ka zo ka buɗe shi?" Na sunkuyar da kai, don ba ni da amsa. Gaskiya ya faɗa, wanda kuwa ya ce talaka ya riƙe kayan tarihi ya kwana a ruwa, bai san ruwa ba.

Muna cikin haka sai Gwaggo ta sa aka kamo hannunta aka kawo ta. Ita ce jaririyar nan da kakana ya bari a 1942, yanzu idonta ya tafi. Ta ce a miƙo mata layar da ke ƙasan akwati. Ta shafa ta, ta ce wa Baffa, "Kai ba a haife ka ba, ni ma daga bakin Inna na ji. Kun san abin da ya kai Baba soja? Ranar da ya yi kiɗan nan, da dare uwar ɗan maƙeri ta zo ƙofar gidan nan, ta ce, kai ka kira mini ɗa da ganga, sa'an nan kai ka zauna? In ka cika ɗan halak ka bi shi ka komo mini da shi. Shi ya sa ya tafi. Da aka ja da baya a kurmin nan aka harbi ɗan maƙeri a ciki. Baba na cikin waɗanda suka ɗauke shi, kwana biyu suna tafe da shi, ya cika a hannunsu, suka binne shi a bakin wani rafi. Ya ciro layarsa ya kawo wa uwar. Ta ce ita ɗa ta aike shi ya kawo, ba laya ba, ta ƙi karɓa har ta mutu. Tun daga ranar Baba bai ƙara kiran sunan uban kowa da ganga ba, sai dai ya yi kiɗa ba kirari. To, ku sayar da naku in kuna so, amma wannan ba taku ba ce, amana ce."

Zaure ya yi tsit. Can Baffa ya share ido da bakin riga, ya ce a rufe akwati. Ni kuwa na ga ba daidai ba ne in hana shi kuɗi in bar shi a ruwa. Na sayar da ragon da na ke kiwo don layya, na roƙi abokan aikina suka ba ni ɗaukar farko a adashinmu, ƙanena ya kawo abin da ya samu. Kuɗin ba su kai na baƙo ba, ɗakin da muka yi ya fi na dā ƙanƙanta, babbar salla kuma ta zo ta wuce ban yanka kome ba. Da baƙo ya komo muka ba shi haƙuri. Bai yi fushi ba, har ya ce in sa littafin a leda, in raba shi da ƙasa.

Layar kuwa, ni da Baffa muka kai ta gidan maƙera. Jikokin 'yan'uwansa ne a gidan yanzu, waɗansu ma ba su taɓa jin an yi mutumin ba. Babbansu ya karɓa da hannu biyu, aka yi addu'a. Na gaya musu cewa kusa da Rangun, a ƙasar da tun 1989 a ke kira Miyanma, akwai wata maƙabartar soja a Taukkyan, inda aka sassaƙa sunayen mutum kusan 27,000 a jikin ginshiƙai, waɗanda suka mutu a yaƙin ba a san kabarinsu ba, da sojan Nijeriya a cikinsu. Tsohon ya ce, "Ashe a can an rubuta su, mu a nan mun manta."

Daga nan na sayi littafin rubutu mai kauri. Duk ranar da ba aiki na kan tafi gida in zauna wurin Gwaggo da Baffa, su faɗa ina rubutawa. Ko wane abu na cikin akwati na ba shi shafinsa: mene ne, daga ina ya fito, wa ya ba da labarinsa. A nan na koyi cewa ƙyallen da a ke rataye minda ma magana ya ke yi. Na tauraron farko launi uku ne, shuɗi mai duhu na sojan ruwa, ja na sojan ƙasa, shuɗi mai haske na sojan sama, watau makaɗin ƙauyenmu da matuƙin nan iri ɗaya aka rataya musu. Na tauraron Bama kuwa ja ne a tsakiya, gefe da gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo, alamar rana. Watanni kaɗan bayan mun gama Gwaggo ta rasu. Da mun yi jinkiri kaɗan, da labarin layar nan ya bi ta.

A nan Birnin Kudu muna da duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen dā suka zana shanu a jikin dutse. Kusa da zanen akwai duwatsun da in ka buga su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya zo ya duba su a 1955, ya ba duniya labarinsu. Wata rana kakana ya zo gari, ya kai ni wurin, ya sa yatsana cikin wani gurbi da bugu ya lotsa a jikin dutsen. Ya ce, "Ka ga wannan? Makaɗa nawa suka buga nan kafin dutse ya lotsa haka? Faɗi sunan ɗaya." Na yi dariya, don a lokacin ban gane ba. Su mutanen nan ba su da laifi, ba su da rubutu. Mu kuwa ba mu da wannan hanzari.

Saboda haka, ya ɗan'uwana da ka fito daga ajin yaƙi da jahilci, ga aikin da na ke roƙonka da shi. Ka koyi rubutu don wasiƙa da lissafin kasuwa, madalla. Amma ka duba gidanku. Wataƙila akwai akwati irin namu, ko tsohon hoto, ko takardar haraji, ko takobi, ko allon kakanka. In akwai minda, kada ka goge ta da toka ko yashi, ka share ta da busasshen tsumma kawai. Kada ka raba ta da takardunta, don in sun rabu ita ta zama ƙarfe, su sun zama shara. Ka sa su cikin gwangwani mai murfi, ka ɗora a sama inda laima da gara ba su kai. Sa'an nan, wanda ya fi duka, ka tafi wurin tsohon da ya rage ko tsohuwar da ta rage, ka durƙusa ka gaishe su, ka tambaya, ka rubuta yadda suka faɗa, da sunan mai abin, da garinsu, da shekara. Kada ka ce rubutunka bai yi kyau ba, ko karkatacce ne ya fi babu. In kuwa wata rana matsuwa ta sa dole ka sayar, ba wanda zai zarge ka, amma ka kwafe kome tukuna, kayan su tafi, labarin ya zauna a gida.

Ran 15 ga Janairu, ranar da Nijeriya ke tunawa da 'yan mazan jiya, na kan buɗe akwatin nan in tara yara in karanta musu littafin. Bara ƙaramin ɗana ya ɗauki bakin begila ya hura, bai sami kome ba sai iska. Ya ce, "Baba, ashe mu jikokin makaɗi ne?" Na ce masa i, ya kuma faɗa ko'ina ya je.

Allah ya jiƙan kakana, da abokinsa ɗan maƙeri, da Gwaggo, da dukan waɗanda suka tafi ba su komo ba. Allah ya kiyashe mu da sāke ganin yaƙi irin wannan, amin.